Waƙar Goggo da Taubashina Ya Goge

Tun ina ƙarama aka san ni da abu biyu a gidanmu na Jimeta: kwance kayan wuta da tsare tsofaffi da tambaya. Rediyon Baba sai da na ga hanjinta, agogon bango ma bai tsira ba, kuma duk tsohuwar da ta zo gaisuwa sai na tisa ta gaba da wa ya haifi wane, har ta ce wa Dada, wato mahaifiyata, ta janye mata wannan alƙaliyar. Da na girma na zama malamar kimiyya a wata sakandaren 'yan mata, sai ciwo na uku ya shigo. Na fara rubuta labaran mutanen da suka tare a duniyar wata, ko suka ƙera jirgin da ke komawa shekarun baya. Ba mai karantawa sai ɗalibaina, su ma ina zargin don makinsu yana hannuna ne.

Shekarar da masu tada ƙayar baya suka ci garuruwan arewacin jiharmu, gidanmu ya cika har zaure. Cikin waɗanda suka iso akwai Goggo, ƙanwar kakana na wajen uwa, wadda aure ya kai ta can tun kafin a haifi Dada. Ta biyo maƙwabta ta daji, wani wuri a goya ta, wani wuri a tura ta a baro, ta iso da zani ɗaya da ƙafafu a kumbure. Ɗakina aka sa ta. Ba ta yi maganar abin da ta gani a hanya ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Ina da wata 'yar rikoda a lokacin, ba ta fi kwalin ashana ba, mai ɗaukar murya a katin memori. Bayan la'asar sai in shimfiɗa mana tabarma a gindin darbejiya in ajiye ta kusa da gwiwar Goggo. Ranar farko ta harare ta, ta ce, "Wannan abu naki, yana ji ne kawai, ko yana kai rahoto?" Na rantse mata ba ya kai wa kowa. Ta ce to in gaya masa ya rufe bakinsa.

Mu dai abin da muka taso muna ji shi ne, tsatsonmu na wajen uwa wani modibbo ne, babban malamin Fulani da ya shigo Yola da littattafai a kan takarkari. Da na kawo wa Goggo wannan zance, sai ta yi dariya har ta ƙware.

"Wane modibbo? Babana masunci ne. Har ya mutu hannunsa yana ƙarnin kifi."

Ta ce mutumin wani ƙauye ne a bakin tafkin Njuwa. Yana saurayi yakan kai kifi gidan wani malami a cikin Yola, har ya musulunta a hannunsa, malamin ya ba shi sabon suna, daga baya ya ba shi 'yarsa. Fulatancin da muke taƙama da shi ta wurin matar ya shigo. Na ji wani irin daɗi, don ni duk inda gaskiya ta fi ƙarya ban sha'awa, can nake. Na ce ta faɗa mini sunansa na asali, wanda ya zo da shi daga ƙauye. Ta rufe baki da gefen mayafi. 'Ya ba ta kiran sunan ubanta gatsau, ko da ta kusa shekara casa'in, ko da ya daɗe a ƙasa.

Na yi ta lallashi har ta samo mana mafita da kanta. Ta ce akwai waƙar da yake yi in yana ɗinkin koma, ragarsa ta kamun kifi, waƙar gidansu, wadda ake jera sunayen maza a ciki, da yarensu. Ta rera mini ita da 'yar muryarta mai rawa, tana buga cinya. Ita kanta ba ta jin yaren, haddacewa kawai ta yi tun tana yarinya a gefensa. Da ta gama ta ce, "Sunan yana ciki. Ki nemi mai jin yaren ya cire miki. Ni dai ban faɗa ba."

Kafin hanya ta buɗe mutane su fara komawa, Goggo ta rasu a ɗakina. Kwamfutata kuwa wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone ta tun farkon zuwan baƙin, saboda haka duk abin da ya rage na muryarta a duniya yana cikin wannan kati guda.

Ranar sadakar arba'in na kunna wa mata kaɗan su ji. Aka yi kuka, aka yi dariya, zance ya fita har rumfar maza, ya faɗa kunnen taubashina. Ɗan Kawu ne, yayan Dada. Ma'aikacin gwamnati ne mai son babbar riga, wanda ko ƙosai zai saya sai ya gaya wa mai tuya jikan wane ne shi. Tsakanin taubasai, 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, akwai wasa, kuma a Yola ba a ɗaukar sa da wasa. Taubashinka zai zage ka a gaban surukanka, dole ka yi dariya. Zai ƙwace hularka ko takalminka ya ce sai ka fansa, kuma in ka yi fushi kai ne abin dariya. Ni ma ranar ɗaurin aurensa na ɓoye masa takalmi ƙafa ɗaya sai da ya aiko da kaza.

Ya shigo cikin gida yana murmushi, ya miƙa hannu ya ɗauke rikodar daga cinyata.

"Dendi, na kama wannan. Sai kin fansa."

Dendi shi ne taubashi da Fulatanci, haka muke kiran juna. Mata suka yi shewa, ni ma na yi dariya. Na ce kazarsa tana nan tafe, ya dai kula mini da Goggo.

Kaza ta je, rikoda ba ta dawo ba. Yau ya yi tafiya, gobe makullin durowa yana ofis. Da ta dawo daga ƙarshe, a cikin leda aka aiko ta. Na kunna, sai na ji wa'azi. Na tura gaba, wa'azi. Tun daga farkon katin har ƙarshensa wa'azi ne a kan muhimmancin zumunci. Na kira shi, ya yi gyaran murya, ya ce, "Na sa miki abin da zai amfane ki ne. Tsohuwar da ta sha wahalar daji, hankalinta ya taɓu, ke kuma kina yawo da zancenta."

Na zaga masu gyaran waya na kasuwar Jimeta kaf, a lokacin da sai an laluba jakarka kafin ka shiga. Wanda aka ce ya fi kowa ya sa katin a kwamfutarsa, ya daɗe yana dubawa, ya girgiza kai. "Madam, an yi fomatin, an goge komai, an kuma cika shi dam. Wanda ya yi wannan ya san abin da yake yi. E don go, ya tafi ke nan."

Na kai ƙara wurin Kawu. Ya saurare ni yana jan carbi, idonsa a ƙasa, ya ce wasan taubasai ba a kai shi gaban manya. Dada ta ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma na ƙudurta a raina cewa duk ranar da Allah ya miƙo mini dama, ba zan mayar masa da kyautarsa ba. Na tsani mutumin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Goggo ta tsallake masu bindiga da waƙar ubanta a baki, ta kawo ta har ɗakina, sai ga ɗan gida ya kashe ta da ɗan yatsa yana murmushi.

Da gari ya lafa, aka buɗe mana zauren dangi a waya, inda ake sanar da haihuwa da rasuwa da tura addu'ar Juma'a. Nan na kafa tukunyata. Kowace Juma'a da hantsi sai in tura saƙon murya, kashi ɗaya na wani sabon labari. Labarin wani mutum ne a duniyar wata da ya mallaki jirgin komawa baya. Duk kakan da bai yi masa ba, sai ya hau jirgi da soso ya je ya goge shi. Sai dai duk dawowar da zai yi, sai ya tarar wani abu ya ragu a jikinsa. Da fari ya daina jin ƙamshin miya. Sannan kunnen hagu ya ɓace, hula ta rasa abin dogara. Daga baya inuwarsa ta ƙi biyo shi. Na ba mutumin nan babbar riga, na ba shi gyaran murya kafin ya yi ƙarya, na sa shi yana karkata hula hagu.

Ban taɓa samun masu sauraro irin na wannan labari ba. Tsofaffin da ba su san mene ne jirgin sama jannati ba suka riƙa tambaya ko mai soso ya samu kunnensa. Duk gidan sunan da taubashina ya shiga, sai ka ga idon mata ya tafi gefen kansa na hagu. Ya kai wata biyu yana haɗiyewa kafin ya kira ni.

"Ke wai da wa kike a labarin nan?"

"Da mutumin wata nake, dendi. Ko kana da dangi a can ma?"

Ya yi irin dariyar da al'ada ta wajabta masa, ya kashe waya. Na ji sanyi a raina, amma sanyin bai kai yamma ba. Ko na cire masa kunnuwa goma a labari, sunan bai dawo ba.

Sai na koma neman sunan ta ɗaya ƙofar. Ranakun Asabar nakan hau keke napep zuwa bakin Njuwa da sabuwar rikoda a jaka, in bi masu ƙyafe kifi da masu lambu ina tambayar gidan da wani saurayi ya bari ya bi malamai cikin Yola tun zamanin Turawa. Wasu su ɗauka daga gwamnati nake su fara lissafo mini matsalar ruwa, wasu su ce in sayi kifi tukuna. Abin da na riƙe na waƙar bai wuce karinta ba, shi nake yi musu da hanci kamar mai ciwon haƙori. Shekaru na yi ina wannan sintiri, damina ta hana ni, rani ya dawo da ni, har wata mai sayar da tarwaɗa ta ji karin ta ce in bi bayan gonakin shinkafa in tambayi dattijon coci.

Ina hango shi zaune a inuwar mangwaro na tsaya cak. Kamar Kawu ne sak, goshin, faɗin hancin, har yadda yake dafa gwiwa in zai tashi, sai dai shi rana ta fi cin sa. Na durƙusa na gaishe shi, na kira shi Baffa, na ba shi labari tun daga Goggo har zuwa wa'azin zumunci. Ban ɓoye masa komai ba, har niyyata ta ramuwa. Ya ce lallai kakansa yana da ƙane da ya tafi Yola bai dawo ba. Na zaro rikoda na roƙe shi waƙar.

"Waƙan gida ba a yi wa mutum ɗaya," ya ce. "Ki tara min yaran shi duka, ni zan zo."

Ban taɓa jin sharaɗin da ya yi mini daɗi irin wannan ba, don taron yana nan tafe. Wani hakimi ya yi wa taubashina sarauta, irin wadda ake ba manyan ma'aikata in sun kusa ritaya, kuma za a yi walima a sabon gidansa na Yolde Pate. Har hoton ƙyallen da ya buga ya turo zauren dangi: wata ƙatuwar bishiya, sunayenmu a rassa, can a gindi kuma modibbo da takarkarinsa. Na tura masa addu'a da alamar tafi.

Ranar walima na ɗauko Baffa a motar haya, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci. Rumfuna sun cika da manyan riguna, ƙyallen bishiyar yana rataye a bayan kujerar mai sarauta. Bayan an ci an sha, mai gabatarwa ya ce lokacin taubasai ya yi, wanda yake da abin faɗa ya fito. Wasu suka fito suka ce rawanin ya fi kan girma, aka yi dariya. Ni na bari sai ƙarshe.

Na karɓi lasifika na ce, "Jama'a kun san ina da jirgin komawa baya. To na hau shi na je na ɗauko wa dendina baƙo daga gindin bishiyar can."

Aka fashe da dariya, har da shi. Na kamo hannun Baffa na kai shi na tsayar kusa da kujerar Kawu. Dariyar ta fara mutuwa daga layin gaba tana tafiya baya. Ba wanda ya buƙaci bayani, amma na yi shi dalla-dalla, don ban zo da niyyar rangwame ba. Na faɗi Njuwa, na faɗi koma, na faɗi ƙarnin kifi. Na ce ga jikan yayan kakanmu, dattijo ne a cocinsu, ya zo taya ɗan'uwansa murna. Kawu ya miƙe da ƙyar, ya kama hannun mutumin da hannu biyu, ya kasa sakewa. A nan na gane ya daɗe da sani.

Taubashina kuwa haƙoransa suna waje, gumi yana bin gefen rawani. Ba shi da ikon ɓata rai, hakimi yana zaune, kuma taubashiya ce ke magana. Na kalle shi sosai, na ƙoshi da kallon. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma ranar na ɗanɗana na ji haka ne.

Na kunna rikoda, na miƙa wa Baffa lasifika. Ya fara waƙar yana buga ƙirji a hankali. Tsikar jikina ta tashi, don karin Goggo ne bai bar komai ba, har wurin da muryarta ke hawa. Dada ta sa mayafi a fuska. Yana cikin jera sunaye sai ya rufe baki, ya buga ƙirji sau ɗaya ba tare da ya furta komai ba, ya ci gaba har ƙarshe. Na san Goggo ba ta tsaya a wurin ba.

Na ce, "Baffa, ka tsallake wani wuri."

"Nan ne wurin shi," ya ce, kuma lasifika tana bakinsa, kowa ya ji. "Da ya bi malamai, baban shi ya yi fushi, ya ce kada bakin kowa ya ƙara kiran shi. Tun ba a haife ni ba ake tsallakewa. Tsofaffin da suka sani duk sun mutu. Da yarinyan nan ya ce min an share, na ce ai gida babba ne, ba za a rasa mutum ɗaya da ya riƙe ba. Shi ya sa na ce a tara ku. Na zo ku ba ni ne, in mayar da shi wurin shi kafin in mutu."

Ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya sunkuyar da kai. Dada tana kuka. Ba wanda ya riƙe. Sunan musulunci kowa ya sani, ga shi ma a rubuce a reshen ƙyalle an mai da shi ɗan modibbo, amma wanda uwarsa ta raɗa masa, bakin Goggo ne na ƙarshe da ya ɗauke shi.

Na karɓi lasifikar. Muryata ba ta wasa ba ce kuma, kowa ya ji hakan.

"A da muna da shi, Baffa. Ya zo har gidanmu a ƙafa. Ka tambayi mai rawani inda ya kai shi."

Ba wanda ya yi dariya. Mai gabatarwa ya yi sauri ya kira malami ya rufe taro da addu'a. A mota, da muka kusa gonakin shinkafa, Baffa ya ce in riƙa zuwa, zumunta a ƙafa take. Ina zuwa har yanzu, Kawu ma ya je sau da dama kafin ƙafa ta hana shi.

Dangi sun rabu biyu a kaina. Wasu suka ce na wuce gona da iri, na fasa wasa na mai da shi faɗa a gaban hakimi. Na ce ba ni na fara sa wuƙa a cikin wasan ba. An sauke ƙyallen, ban san inda aka kai shi ba, kuma taubashina ya daina gaya wa masu ƙosai jikan wane ne shi.

Bana ya samu kujerar Makka. Kamar yadda maniyyata ke yi, ya bi gidajen dangi yana neman yafiya kafin tashi. Gidana ya bari ƙarshe, ya zo da hantsi, shi kaɗai, ba babbar riga. Dada tana wurina a lokacin. Na ba shi kujera, na kawo masa ruwa. Ya daɗe yana juya kofin a hannu.

"Dendi, zan yi tafiya. Abin da ya wuce, ki yafe mini."

Na ce, "Kafin ka goge, ka saurara?"

Ya ce ya saurara, sau ɗaya, a mota.

"Ka riƙe wani abu daga waƙar?"

Leɓensa ya fara motsi. Na ga da gaske yake nema, kuma Allah ya sani a lokacin na so ya samu fiye da yadda na taɓa son wani abu. Na jira shi. Daga ƙarshe ya girgiza kai.

Na ce, "Abin da ka yi mini ni kaɗai, na yafe. Na Goggo da na ubanta ba nawa ba ne da zan bayar. Ranar da ka kawo sunan, ka zo mu je tare ka roƙi Baffa."

Ya ce, "Ina zan samo shi?"

Na ce ni ma tambayar da nake yi ke nan tun ranar da aka aiko mini da leda.

Ya ajiye kofin bai sha ba, ya yi wa Dada sallama, ya fita. Dada ta bi shi da ido har ya rufe ƙofa, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Mutum zai tafi ɗakin Allah, ki bar shi ya fita haka? Ɗan'uwanki ne fa."

Na ce, "Na sani, Dada. Shi ya sa na ba shi kujera."